Jami'ar CUNY a kan ma'auni: me baƙon ɗalibi mai burin aikin gwamnati zai samu a New York?

A unguwar Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa a birnin New York, idan maganar karatun gaba da sakandare ta taso, tambayar farko ita ce ina za a shiga wanda ba zai jefa gida cikin bashi ba. Idan kuma yaron ko yarinyar na da burin yi wa jama'a aiki, a ofishin hukumar birni ko a majalisa ko a ma'aikatar jin daɗin al'umma, amsar takan tsaya a wuri guda: CUNY, jami'ar birnin New York. Hukuncinmu a kanta shi ne ta fi ƙarfin kuɗin da ake biya, kuma ga baƙo mai katin zama na dindindin da wuya a sami tsani mai araha kamarta a Amurka. Sai dai jami'a ce da ba ta bin ɗalibi da ƙoƙon shayi. Abubuwan alherinta suna nan jibge, amma kowanne yana da ƙofarsa da ranar rufe ta, kuma yawancin waɗanda suka faɗi ba darasi ne ya kayar da su ba, takardu ne da rashin sanin lokaci.

CUNY ba harabar makaranta ɗaya ba ce. Tarin kwalejoji ne sama da 20 a sassa biyar na birnin, a ciki akwai 11 masu ba da digirin shekara huɗu da 7 masu ba da ƙaramin digiri na shekara biyu. Asalinta makarantar kyauta ce da aka kafa a 1847, wadda ta zama City College ta yau da ke Harlem, aka haɗe kwalejojin a inuwa ɗaya a 1961. Wajen yaye 'ya'yan baƙi zuwa aikin jama'a kuwa tana da tarihi. Colin Powell, ɗan baƙi daga Jamaika da ya tashi a kudancin Bronx, a City College ya gama a 1958 kafin ya zama sakataren harkokin wajen Amurka. Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko a majalisar dokokin tarayya, a Brooklyn College ta yi karatu. Adriano Espaillat, wanda ya taɓa zama a ƙasar ba tare da takardu ba, ya gama Queens College, kuma a 2016 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai.

Takardar zamanka ita ce ke yanka farashi

Kafin a tambayi wane kwas, a fara da wace takarda ke hannu, domin ɗalibai biyu na iya zama a benci ɗaya, ɗaya bai biya ko sisi ba, ɗayan yana biyan ninki biyu na farashin mazauni ko fiye.

A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, mazaunin New York mai cikakken karatu yana biyan dala 4,800 a shekara a kwalejin shekara biyu, dala 6,930 a ta shekara huɗu. Wanda ba a lissafa shi mazauni ba kuwa, da kiredit ake yi masa lissafi, wato ma'aunin nauyin darussa: dala 320 kowane kiredit a ta shekara biyu, dala 620 a ta shekara huɗu. Digiri kiredit 120 ne, a shekara ana bukatar 30. Ka ninka 620 sau 30 ka ga dala 18,600, ga ɗan'uwansa yana biyan 6,930. A kan wannan akwai ƙananan kuɗaɗen ƙungiyar ɗalibai da na na'urori kowane zango, 'yan ɗaruruwan dala ne, amma ana mantawa da su a lissafi.

Zama mazauni yana nufin wata 12 a jere a jihar New York kafin ranar fara aji, tare da takardar zama da ta halatta maka zama na dindindin, irin su girin kat, ko matsayin ɗan gudun hijira, ko wanda aka ba mafaka. A kwalejin shekara biyu ana ƙara duba cewa wata shida na ƙarshe a cikin birnin ka yi su. Akwai kuma wata ƙofa da dokar jihar ta 2002 ta buɗe: wanda ya yi shekara biyu a sakandaren New York ya gama, ko ya ci jarrabawar da ke madadin sakandare a jihar, ya nemi jami'a cikin shekara biyar, zai biya farashin mazauni ko da ba shi da takardun zama. Inda ake tuntuɓe shi ne kwamfutar makaranta takan sa sabon baƙo a layin waɗanda ba mazauna ba, sai ya cike fom ɗin zama ya kai hujjoji, kamar yarjejeniyar haya da takardar haraji da takardar banki mai adireshi. Mutanenmu da yawa a ɗakin kawu ko na ɗan gari suke sauka, babu sunansu a haya, babu a takardar wuta. Irin wannan ɗalibi ya buɗe asusun banki da adireshin tun satin da ya iso, ya yanki katin shaida na jiha, domin hujjar wata 12 ba a ƙirƙirarta a rana ɗaya.

Sai tallafi. Mai girin kat da ɗan gudun hijira da wanda aka riga aka ba mafaka suna iya cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya. Daga nan ake samun Pell, kyautar da ba a biya, wadda mafi yawanta ya kai dala 7,395 a shekara. Jihar New York tana ƙarawa da TAP, har zuwa dala 5,665. Ga gidan da abin shigarsa kaɗan ne, waɗannan biyun sun rufe kuɗin kwalejin shekara biyu har da rara, kuma rarar ana mayar wa ɗalibi ita ya sayi littattafai ya ci abinci. Wannan babban abu ne ga wanda ba ya son taɓa bashin karatu saboda kuɗin ruwa: a CUNY ana iya gama digiri ba a ci bashin ko dala ɗaya ba, kuma dubban ɗalibai haka suke gamawa. Wanda shari'ar mafakarsa ke gaban hukuma ba a yanke ba, da mai bizar karatu, ba sa samun Pell. Marar takardu da ya gama sakandare a jihar yana iya neman TAP ta dokar Jose Peralta ta 2019.

Abin da ke ɓata FAFSA ga mutanenmu iri biyu ne. Na farko suna. Mahamadou a fasfo, Mohammed a takardar WAEC, Muhammad a katin Social Security, wato katin lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa: na'urar da ke gwada bayanai ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta tsayar da tallafin har a kai takardu ofis. A rubuta sunan daidai da yadda yake a katin Social Security, harafi da harafi. Na biyu harajin iyaye. Wanda bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba shi da ɗan da yake ciyarwa, dole a shigar da bayanan iyayensa, kuma na shekara biyu baya ake tambaya. Uban da ke tuƙin tasi ko uwar da ke kitso suna karɓar kuɗi a hannu, idan ba su cike takardar harajin wannan shekarar ba alhali ya wajaba a kansu, tallafin ɗansu zai maƙale. Iyayen da ke gida Afirka ma ana shigar da abin da suke samu, a juya shi zuwa dala.

Akwai kuma tallafin Excelsior na 2017 ga gidan da abin shigarsa bai wuce dala 125,000 ba. Yana da kyau, amma da igiya a ƙafarsa: kiredit 30 kowace shekara ba fashi, sannan bayan gamawa ka zauna a jihar gwargwadon shekarun da ka ci tallafin, in ba haka ba ya koma bashi. Mai niyyar tafiya Washington da zarar ya gama ya karanta wannan sharaɗin sau biyu.

Neman gurbi

Nan CUNY ta yi abin yabo. Fom ɗaya a intanet, dala 65, ka zaɓi kwalejoji har shida. Ranar da aka fi so a gama nema ita ce 1 ga Fabrairu ga mai shiga zangon kaka, 15 ga Satumba ga mai shiga na bazara. Ana karɓar nema bayan haka, amma kwalejojin da ake rububinsu sun cika. Mai WAEC ya tanadi cikakken sakamakonsa, mai takardar Bak ta Nijar ko Kamaru ko Chadi ya sa a fassara ta zuwa Turanci a wurin mafassarin da aka amince da shi. Wanda ya taɓa shiga jami'a a gida, ko da zango ɗaya ne, dole ya faɗa ya nemi gurbi a matsayin mai sauya makaranta. Ɓoye wannan laifi ne da kan iya sa a soke gurbin, kuma samo takardar sakamako daga jami'ar gida shi ne abin da ya fi cin lokaci, don haka a fara bibiyarsa watanni kafin a buɗe fom.

Kada a manta da katin allura. Dokar jihar ta ce sai an nuna shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da rubella, in babu za a sa wa asusun ɗalibi takunkumi ya kasa rajistar darasi. Wanda katinsa na yarinta ya ɓace yana iya yin gwajin jini ko a sake yi masa allurar.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci ko Larabci, shirin CLIP shi ne abin da za mu fara nuna masa. Awa 25 a mako ana koyon Turancin jami'a, da kuɗi kaɗan, kuma ba ya taɓa tallafin Pell. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi, domin Pell zango 12 kawai ake ba mutum a rayuwarsa, TAP kuma zango 8. Wanda ya ƙone zango uku yana faɗuwa darussa saboda Turanci bai zauna ba, zai tarar rijiyar ta ƙafe a shekarar ƙarshe ta digiri.

ASAP: abin da ya fi komai daraja a gidan

Idan za a tambaye mu abu ɗaya da ya sa muke ba da shawarar CUNY, shirin tallafa wa ɗalibai na ASAP ne. An fara shi a 2007 domin masu ƙaramin digiri, kuma yana nan a Bronx Community College da Hostos da BMCC da LaGuardia da Kingsborough da Queensborough, da wasu kwalejoji uku na shekara huɗu da ke ba da ƙaramin digiri. Ɗalibin da ke ciki ana ba shi katin jirgin ƙasa da bas kyauta, da taimakon kuɗin littattafai, a kuma cike masa giɓin da ya rage tsakanin tallafinsa da kuɗin makaranta. Ana ba shi damar yin rajistar darussa da wuri, a tsara masa su a jere da safe ko da yamma yadda zai iya haɗawa da aiki. Mafi girma duka, ana ba shi mai ba da shawara guda ɗaya da zai riƙe shi daga shiga har fita, wanda ya san sunansa, kuma dole ne su riƙa ganawa.

Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin ta hanyar ƙuri'a, aka raba ɗalibai gida biyu. Rahotonta na 2015 ya nuna bayan shekara uku kashi 40 cikin 100 na 'yan ASAP sun karɓi digirinsu, na ɗaya gidan kuwa kashi 22. A lura da wannan adadi na biyu, domin shi ne ainihin hoton kwalejin shekara biyu ga wanda ya shiga shi kaɗai ba majingini.

Sharaɗin ASAP shi ne cikakken karatu, aƙalla kiredit 12 a zango, kuma wanda ya riga ya tara kiredit da yawa ba ya shiga. Saboda haka a nemi shirin tun ranar da takardar karɓa ta iso. Haka SEEK a kwalejojin shekara huɗu da College Discovery a na shekara biyu, waɗanda ke tallafa wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi: a cikin fom ɗin neman gurbi na farko ake nuna sha'awa, wanda ya tsallake wurin ya wuce ke nan. John Jay da Lehman suna da ACE, ɗan'uwan ASAP na masu digirin shekara huɗu.

A nan ne matsalar gidajenmu take fitowa fili. Yaro ya iso, ana jiran ya fara aika kuɗi gida, sai ya kama aikin dare awa 40 ko 50 a mako ya ce zai haɗa da kiredit 15. Ba ya yiwuwa ga yawancin mutane. Abin da ke biyo baya sananne ne: ya daina zuwa aji a tsakiyar zango ba tare da ya janye a hukumance ba. Dokar tarayya ta ce wanda ya bar karatu kafin a ci kashi 60 cikin 100 na zango, sai an mayar da wani ɓangare na tallafinsa, makaranta kuma ta juyo ta bi shi bashi, ta sa masa takunkumin rajista. Iyaye da yayye su san cewa haƙurin shekara biyu da ƙaramin aike ya fi wannan asarar sauƙi.

Wane kwas, wace kwaleji

Ƙaramin digiri kiredit 60 ne, kuma iri uku ne: AA da AS da AAS. Mai niyyar ci gaba zuwa digirin shekara huɗu ya ɗauki AA ko AS. An tsara AAS ne domin a fita kai tsaye a kama sana'a, kuma darussansa da dama ba sa shiga lissafin babban digiri. Tsarin Pathways na 2013 ya tabbatar da cewa kiredit 30 na darussan gama-gari suna bin ɗalibi duk kwalejin CUNY da ya koma. Darussan fanni kuwa ba su da wannan tabbaci gaba ɗaya, ana iya karɓarsu a matsayin na cike gurbi kawai, sai ɗalibi ya ga ya ƙara zango. Maganinsa shi ne shafin Transfer Explorer: ka sa lambar darasin da za ka ɗauka, ya nuna maka yadda kwalejin da kake hari za ta lissafa shi. A duba kafin rajista, kowane zango.

Ga mai burin aikin jama'a, Baruch tana da makarantar Marxe ta harkokin jama'a da na ƙasa da ƙasa, kuma ta fi dacewa da mai son kasafin kuɗi da tsara manufofi. John Jay ta yi suna a fannin shari'a da tsaro da gudanar da mulki, tana kuma da yarjejeniya da kwalejojin shekara biyu, CUNY Justice Academy, wadda ke ba wanda ya gama wasu kwasa-kwasai gurbi kai tsaye. City College tana da makarantar Colin Powell, Hunter tana da cibiyar Roosevelt House, Lehman kuwa tana cikin Bronx, wanda ya rage wa mazaunin unguwar wahalar jirgi. Shawararmu ita ce ko wane fanni aka zaɓa, a cusa darasin ƙididdiga da na tattalin arziki da na sarrafa bayanai a kwamfuta. Masu digirin kimiyyar siyasa sun yi yawa a layi, wanda ya iya karanta kasafin kuɗi ya fitar da jadawali shi ake kira.

Katangar zama ɗan ƙasa, da ƙofar da ke gefenta

Wannan ne wurin da ya kamata a gaya wa ɗalibi gaskiya tun shekarar farko, kuma ba kullum ake gaya masa ba. Kusan duk ayyukan gwamnatin tarayya sai ɗan ƙasa, tun umarnin shugaban ƙasa na 1976. Aikin jakadanci haka, tallafin Pickering da na Rangel masu kai mutum ma'aikatar harkokin waje haka, tallafin Truman ma haka. Ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da gandiroba a birnin New York su ma sai ɗan ƙasa. Takarar majalisar wakilai ta tarayya tana bukatar shekara 7 da zama ɗan ƙasa, ta dattawa shekara 9.

Amma yawancin ayyukan ofis na hukumar birnin New York izinin aiki kawai suke nema. Mai girin kat yana iya zama ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko mai nazarin kasafi, ko jami'in lafiyar al'umma, ko ma'aikaci a ofishin ɗan majalisar birni. A nan ne ƙarfin CUNY yake, domin tana manne da gwamnatin birni da ta jiha. Shirin Edward T. Rogowsky yana tura ɗalibai ofisoshin zaɓaɓɓu su koyi aiki suna samun kiredit. Majalisar dokokin jiha da ke Albany tana ɗaukar 'yan aji uku da huɗu daga Janairu zuwa Mayu, da alawus da kiredit na zango guda. Bayan digiri akwai Urban Fellows, wata tara a ofisoshin magajin gari da ma'aikatu, da Civil Service Pathways, shekara biyu da albashi, wanda aka yi shi musamman domin waɗanda suka gama CUNY. Dukkansu ana rufe nemansu watanni da yawa kafin a fara, kuma suna bukatar wasiƙar shaida daga malamai. Malamin da bai taɓa ganinka a ofishinsa ba, ba shi da abin rubutawa.

Hanyar zama tabbataccen ma'aikacin birni kuwa jarrabawa ce, wadda ma'aikatar DCAS ke shiryawa. Tana fitar da jadawalin jarrabawar shekara, kowane muƙami da 'yan makonnin da ake buɗe nemansa a shafin OASys. Kowace jarrabawa tana da sanarwarta mai bayanin ilimi da ƙwarewar da ake bukata, da ranar da dole a ce an mallake su. A karanta ta duka, ba a tsallake layi. Wanda ya ci, ana sa shi a jeri bisa makinsa, jerin yakan rayu har shekara huɗu, ma'aikata kuma tana zaɓar ɗaya daga cikin ukun da ke sama. Tsakanin rubuta jarrabawa da kiran aiki ana iya shafe shekara ko fiye, shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya: ɗan aji huɗu ya riƙa duba jadawalin kowane wata. Wanda aka ɗauka a muƙamin jarrabawa ba tare da ya yi ta ba, riƙon ƙwarya yake yi, ranar da jeri ya fito za a iya maye gurbinsa.

Abubuwa biyu a nan sun shafi baƙo kai tsaye. Idan da takardar karatun waje za ka cika sharaɗi, DCAS ba ta karɓarta sai wani kamfani daga jerin da ta amince da su ya tantance ta, kuma akwai wa'adi. Digirin CUNY ya ɗauke maka wannan wahalar. Na biyu harshe. Dokar birni ta 2017 ta wajabta wa ma'aikatu fassara muhimman takardunsu zuwa harsuna goma, Faransanci da Larabci suna ciki. Wasu jarrabawowin suna da wurin da mai wani harshe zai nuna, a fifita shi idan gurbi ya bukaci harshen. Ɗan Zinder ko Maraɗi mai Hausa da Faransanci, ko ɗan Sudan mai Hausa da Larabci, kada ya bar wannan wurin fayau.

Akwai ma wata makarantar koyon mulki da ba a biyan ko kwabo. Birnin yana da kwamitocin unguwanni 59, 12 daga ciki a Bronx, masu ba da shawara kan gine-gine da kasafi da hidimomin unguwa. Shugaban kowane sashe na birni ne ke naɗa mambobi, daga shekara 16 ana iya nema, kuma ba a sharɗanta zama ɗan ƙasa ba.

Citizenship Now

Tun 1997 CUNY take da ofishin Citizenship Now na lauyoyin shige da fice, kyauta ne, kuma ba ɗalibai kaɗai yake yi wa aiki ba. Yana taimakawa wajen cike N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa. Ana nema bayan shekara 5 da girin kat, ko 3 ga mai aure da ɗan ƙasa, kuma ana iya shigarwa kwana 90 kafin cikar wa'adin. Daga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 710 ne ta intanet, 760 a takarda, akwai ragi ko yafewa ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ya shigo da girin kat yana ɗan shekara 18 ya fara karatu bayan shekara guda, zama ɗan ƙasarsa zai zo kusan daidai da gama digirinsa, idan bai ɓata lissafin ba.

Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne. Tafiya gida ta wuce wata shida, don biki ko rasuwa ko jinyar mahaifi, tana iya katse lissafin zama, ta shekara guda kuwa ta katse shi. Namiji mai shekara 18 zuwa 25 dole ya yi rajistar Selective Service, wato rajistar waɗanda za a iya kira aikin soja, rashin yinta yana hana aikin tarayya kuma yana jawo tambaya a ranar ganawar neman zama ɗan ƙasa. Tabar wiwi halal ce a dokar jihar tun 2021, amma laifi ce a dokar tarayya, kuma dokar tarayya ce ke hukunci a kan takardun baƙo. Mafi haɗari ga ɗalibi mai zumuɗin siyasa shi ne rajistar zaɓe. Ana kafa tebura a harabar makaranta ana miƙa fom, ana tambaya a ofishin lasisin tuƙi. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya sa hannu ya ce shi ɗan ƙasa ne, ko ya jefa ƙuri'a, zai iya rasa girin kat ɗinsa har a kore shi daga ƙasar. Dokar da majalisar birni ta yi don bai wa baƙi damar zaɓen birni, babbar kotun jihar ta soke ta a Maris na 2025. Aikin sa-kai a kamfe ya halatta, ƙuri'a kuwa sai bayan rantsuwa.

Inda ta gaza

Wanda ba ya cikin ASAP ko SEEK zai sha layi. Masu ba da shawara na gama-gari kaɗan ne a kan ɗalibai masu yawa, kuma ofishin tallafi da na rajista da na biyan kuɗi kowanne da nasa takunkumi, sai ɗalibi ya yi ta zirga-zirga tsakaninsu a makon farko. Duk abin da aka gaya maka da baki, ka nemi a aiko maka shi ta imel. Darussa da yawa malaman wucin-gadi ne ke koyar da su, waɗanda ke gudu daga wannan kwaleji zuwa waccan, saboda haka samun mai rubuta maka wasiƙa yana bukatar ka nemi malamin dindindin da gangan. Darussan dole suna cika da wuri. Wasu gine-ginen sun tsufa. Ɗakunan kwana kaɗan ne ƙwarai, ɗalibi daga gida yake zuwa ya koma, wanda ke sa abota da sanayya ba sa ƙulluwa da kansu yadda suke yi a jami'o'in kwana, alhali aikin siyasa da na gwamnati da sanayya yake tafiya.

Ta ɓangaren addini kuwa sai godiya. Daga 2025 jami'ar ta sa ƙaramar Sallah da babba cikin ranakun hutunta, dokar ilimi ta jihar ma ta ba ɗalibi haƙƙin rama jarrabawar da ta faɗa ranar ibadarsa, matuƙar ya sanar da malami tun da wuri. Juma'a kam sai mutum ya tsara jadawalinsa da kansa, wani amfanin rajistar wuri ke nan.

Wanda za mu ce ya yi lissafi sosai kafin ya zo shi ne mai shigowa da bizar karatu daga gida da burin aikin gwamnatin Amurka. Zai biya farashin waɗanda ba mazauna ba, babu Pell babu TAP, aikin da aka halatta masa awa 20 ne a mako a cikin makaranta, horon aiki a waje sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje, bayan digiri kuma izinin aikinsa wata 12 ne a yawancin fannonin zamantakewa. Idan niyyarsa ya koyi yadda ake tafiyar da babban birni ya koma Kano ko Yamai ko Kumasi ya yi aiki da shi, digirin yana da amfani, amma hayar New York kaɗai za ta fi kuɗin makarantar. Mai girin kat da ya gama ƙaramin digiri da maki mai kyau kuwa ya nemi tallafin Jack Kent Cooke, wanda ke biyan har dala 55,000 a shekara ga mai komawa jami'ar shekara huɗu, idan kuma ya kai matakin digiri na biyu ko karatun lauya, tallafin Paul da Daisy Soros na baƙi ne da 'ya'yan baƙi kaɗai, mutum 30 a shekara, har dala 90,000, kuma ana rufe nemansa ne a ƙarshen Oktoba.